Shekara ta zo ƙarshe: me kuka kalla, me kuka karanta, me kuka saurara a 2024?

Baban Ummi, Kawo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau saura kwana uku 2024 ta tattara nata ya nata, ga hazo ya rufe gari ba inda za ni, sai na ce bari in kawo abin da na saba kawowa duk ƙarshen shekara, wato lissafin abin da na kalla da wanda na karanta da wanda na saurara. Wanda ya ga na yi son kai ya fito mu yi ta, ai don haka aka buɗe zauren.

Abin da ya fi tsaya min a rai a talabijin bana ba fim ba ne, ƙwallo ce. Wasan ƙarshe na kofin Afirka, 11 ga Fabrairu, mu da Kwaddebuwa a Abijan. A gidan kallon bayan layinmu na kalla, ranar har kan taga mutane suka zauna, da Troost-Ekong ya sa kai ya ci ƙwallon nan kafin hutun rabin lokaci wani bawan Allah ya daka tsalle ya dira kan benci, bencin ya karye da mutum biyar a kai kuma ba wanda ya ce uffan don murna. To kun san yadda aka ƙare, Kessie ya farke, Haller ya ƙara, aka tashi 2 da 1. Mai shayin bakin titi ya riga ya fasa ƙwai ya jera burodi yana jiran 'yan murna, muka wuce shi ɗaya bayan ɗaya kamar masu dawowa daga jana'iza.

A fim mai dogon zango Labarina na bi, labarin Mainasara, kuma gaskiya Sadiq Sani Sadiq ya iya abinsa, yadda yake yin shiru ma wasa ne. Amma ina da ƙorafi, zan faɗa in an jima in an taɓo wajen.

Littafi kuwa, kar ku yi min dariya, Magana Jari Ce ne gwanina na bana. Lokacin duhun nan na Oktoba da Arewa ta yi wajen kwana goma ba wuta, waya ta mutu, fetur ya haura dubu ba mai tada janareto don yara su yi kallo, dare ya yi tsawo yara sun ishe mu da rigima. Sai uwargida ta zaro wani tsohon kwafi daga ƙasan akwatin lefenta, bangon ya cire, shafin farko gara ta ci gefensa, na kunna 'yar fitilar sola na ce kowa ya zauna. Daren farko Ummi tana ta hamma tana tambaya wai yaushe za a kawo wuta. Dare na uku ita ce ta ɗauko littafin da kanta tun kafin a yi isha'i, wai Baba aku ya hana Musa fita ko ya fita? Da muka zo kan wani labari mai ban dariya ƙaramin har da faɗowa daga kan tabarma, 'ya'yan maƙwabta suka fara shigowa, kafin a kawo wuta ina da almajirai tara. Ranar da aka kawo kuwa ko sallama ba su yi min ba, duk suka watse gaban talabijin.

Waƙa ba ni da sabon zance, Shata ne a memorin mota daga Janairu har yau. Saura ku.

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam. Yaya kai dai kullum sai ka mayar da mu baya hhhh, an ce lissafin 2024 ka kawo mana littafin da ya girmi kakata da mawaƙin da ya rasu tun 1999. To ni dai a waƙa ba na wuce ɗan unguwarmu Umar M Shareef, in na ɗauko fasinja daga tashar jirgin ƙasa zuwa Bakin Ruwa shi ne a sifika, sai Hamisu Breaker da Auta Waziri, in kuma 'yan makaranta na kwasa sai in sa musu DJ AB su yi ta gyaɗa kai. Duk wanda ya shiga kekena ya san ba a zaman makoki.

Baban Ummi, Kawo:
Na ce abin da na karanta a 2024, ban ce abin da aka rubuta a 2024 ba. Ka dinga karanta tambaya kafin ka amsa, haka kuke faɗuwa jarrabawa.

Maman Sadik, U/Rimi:
Kai Baban Ummi ka tuna min da duhun nan wlh, ni abin da ya dame ni ba kallo ba ne, naman da na tara a firiza ne, sai da na soye shi tas na rarraba wa maƙwabta. Amma ka ga ni ko a duhun ban fasa karatu ba, nakan aika yaro shagon caji da safe ya dawo min da waya da yamma, in lallaɓa ta in rage hasken fuska har ƙasa in yi karatuna. Bana na karanta littafi ya fi ashirin kuma duk a waya, wasu a Wattpad wasu a ArewaBooks wasu kuma a guruf ɗin WhatsApp da ake biyan kuɗi a saka ki, marubuciya tana turo shafi kullum da dare muna sharhi a ƙasa, wata ta ce a kashe kishiyar wata ta ce a bar ta ta ɗanɗana kuɗarta tukuna. Daɗin abin ke nan, kina karantawa kina da abokan gulma. Guda ɗaya ne ya ƙona min rai, na biya dubu ɗaya, labari ya kai inda mijin zai gane gaskiya, sai baiwar Allah ta ce wai wayarta ta faɗa ruwa, yau wata huɗu ke nan wayar ba ta bushe ba.

Kawu na Tudun Wada:
Salamu alaikum. Ni ban cika magana a nan ba amma yau an taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Baban Ummi Allah ya yi maka albarka, abin da ka yi wa yaran nan shi aka yi mana. Ɗan Rigasa kana cewa littafin ya girmi kakarka, to gaskiyarka, tun 1937 yake, kuma a nan Zariya kusa da mu Abubakar Imam ya zauna ya rubuta shi, shi ne kuma editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939. Kafin nan ya yi Ruwan Bagaja a gasar da aka sa a 1933, gasar da ta fito da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. Littafin da ya shekara tamanin da bakwai yana sa yaro faɗowa daga tabarma don dariya, ka kawo min waƙar kekenka ɗaya da za a saurara nan da shekara goma.

Hajiya Maman Sadik kuma ki yi haƙuri, ni wannan na waya ban san ko in kira shi littafi ba. Jikata ta nuna min ɗaya, layi uku ban ga aya ba, rabi Hausa rabi Turanci, kowane namiji a ciki yana da kamfani a Dubai.

Maman Sadik, U/Rimi:
Kawu Allah ya ƙara girma, amma a nan kam ba zan bi ku ba. Abin da kuke faɗa a kan na waya shi aka faɗa a kan su Balaraba Ramat da Ado Gidan Dabino da Anti Bilki Funtuwa lokacin muna 'yan mata, aka ce adabin kasuwar Kano ne, aka ce suna lalata tarbiyya, mu muna ɓoye In Da So Da Ƙauna cikin littafin lissafi muna karantawa a aji, ana ba da hayarsu a unguwa kamar kaset. Yau ga shi a jami'a ake nazarinsu, Alhaki Kuykuyo Ne har Turanci an mayar da shi. A cikin na wayar akwai shirme, ban musa ba, akwai ma na batsa da ni kaina nake fita daga guruf in na gani, amma akwai yaran da suka iya rubutu wlh, suna taɓo abin da ke cikin gidajenmu, zaman kishi da sakin wulaƙanci da yarinyar da aka cire daga makaranta. Ku duba gasar Hikayata ta BBC da ake yi tun 2016, mata zalla, ai yawancinsu daga wayar nan suka koyi hannu. Kuma Kawu takarda nawa ake sayar da ita yanzu? Wa zai buga littafi a wannan marrar ya ci riba?

Kawu na Tudun Wada:
Maganar tsadar takarda gaskiya ce, na karɓa. Amma aya da waƙafi ba a sayensu a kasuwa, kyauta ne.

'Yar Barnawa:
Hhhhh Kawu ya gama magana. Ni dai in faɗi nawa kafin a kore ni, bana 'yan Koriya ne suka riƙe ni, ranar Alhamis ɗin nan da ta wuce 26 ga wata aka saki zango na biyu na Squid Game kuma na riga na cinye shi, kashi bakwai ne kawai, na fara bayan isha'i ban ankara ba sai ji na yi ana kiran assalatu. Abin da yake burge ni da su shi ne sun san inda za su tsaya, labari kashi goma sha shida an gama kowa ya kama gabansa. Namu kuwa tun ina aji uku a sakandare ake wani fim ɗin, na gama, na shiga jami'a, ina shirin bautar ƙasa, har yau ba a ɗaura auren ba.

Baban Ummi, Kawo:
Yawwa ƙanwata kin taɓo ƙorafin da na ce ina da shi. Ni ba na ƙin fim mai dogon zango, Daɗin Kowa shekara nawa Arewa24 tana yin shi kuma ba a gaji ba, saboda shi gari ne, kamar ka leƙa unguwarku ne kullum ka ga me ake ciki, ba a yi maka alkawarin ƙarshe ba. Kwana Casa'in ma da ya zo da siyasa da aikin jarida ya kawo sabon abu. Amma labarin da aka gina shi kan sirri ɗaya, kowa a gida ya san sirrin, mai gadi ya sani, mai kallo ya sani, saura mutum ɗaya, sai a ja mu wata shida kafin ya ji? Mutum ya fito daga ɗaki a nuna, ya sa takalmi a nuna, ya buɗe mota, mai gadi ya buɗe get, motar ta fita, a ɗaga kyamara sama a nuna mana rufin kwanon unguwa, minti huɗu sun tafi kuma datata ce take ƙonewa.

Mai tura fim, Kasuwar Bacci:
To bari in sa baki tunda wannan sana'ata ce, a nan nake ci. Yallaɓai abin da kake gani ba wai ba su iya taƙaitawa ba ne, kasuwar ce ta koma haka. Da ana buga fim a faifai a kai kasuwa, kashi na ɗaya da na biyu an gama, furodusa ya ƙirga kuɗinsa. Faifai ya mutu, kuma ba zan ɓoye ba irinmu masu turawa a waya muna cikin waɗanda ake ɗora wa laifi. Yanzu kuɗin yana YouTube da tallan da ake sakawa a ciki, shi kuma YouTube yawan kallo da daɗewar da mutum ya yi yana kallo yake dubawa, ga masu maganin gargajiya da masu sayar da fili da atamfa suna biyan talla duk sati. To wanda yake samun talla duk sati don me zai kashe labarinsa a kashi goma? In ya gama sai ya sake tara 'yan kallo daga farko. Izzar So ta nuna wa kowa hanya tun 2020, shi ke nan kowa ya bi.

Kuma in gaya muku abin da aka fi nema a shagona bana, don ni lissafina ba na ra'ayi ba ne, na abin da aka miƙo waya aka ce a saka ne. Na ɗaya Indiya fassara, musamman ta Algaita, ba abin da ya kama ƙafarta, magidanci zai zo da memori ya ce cika min da na faɗa kar ka sa min na soyayya, wannan watan ma tunda Pushpa na biyu ya fito ba a bar ni na huta ba ana tambayar ko fassara ta sauka. Na biyu namu masu dogon zango, mata su suka fi aiko yara da takarda an rubuta kashi kaza zuwa kaza, su Labarina da Manyan Mata da Gidan Sarauta. Na uku na Turkiyya, su Ertugrul da Osman, wannan har malamai suna aikowa. Lokacin dokar hana fita ta watan Agusta bayan zanga-zanga, ana sassautawa layin da aka yi a shagona ya fi na mai burodi, kowa tsoro yake a sake kulle shi a gida ba abin kallo.

Ɗan Rigasa:
Wlh gaskiya ne, ni kaina ina cikin layin hhhh. Oga ka ajiye min Pushpa ɗin zan biyo gobe.

Malama, Malali:
Sallama jama'a, ina ta karantawa ina dariya. Ni mamaki nake har yanzu ba wanda ya ambaci Mai Martaba, alhali shi ne babban labarin fim ɗin Hausa a bana. Fim ne na sarauta da rigimar gadon mulki wanda Prince Daniel da ake kira Aboki ya ba da umarni, Adam A. Zango yana ciki, kuma shi Najeriya ta zaɓa ya wakilce ta a gasar Oscar ɓangaren finafinan ƙasashen waje. Bai shiga jerin finafinai 15 da suka tsallake zuwa zagaye na gaba da aka fitar a tsakiyar watan nan ba, amma kai wa nan ɗin ma ba wasa ba ne.

'Yar Barnawa:
Anti ai shi ne fim ɗin Hausa na farko da aka taɓa turawa ko?

Malama, Malali:
A'a, an tura The Milkmaid a 2020, shi ma yawancin maganar cikinsa Hausa ce, Maryam Booth ta fito a ciki har ta ci kyautar finafinan Afirka ta AMAA da shi. Abin da ya sa harshe yake da muhimmanci a wannan ɓangaren, sharaɗinsu shi ne yawancin maganar fim kar ta zama Turanci, shi ya sa a 2019 aka cire Lionheart na Genevieve Nnaji, Turancinsa ya yi yawa. Kin ga a nan Hausarmu jari ce. Abin da ya ba ni haushi kawai shi ne a ajinmu na tambayi ɗalibai wa ya kalli Mai Martaba, hannu biyu na gani, na ce wa ya san Mainasara, har na bayan aji suka miƙe.

Mai tura fim, Kasuwar Bacci:
Malama ai ba laifinsu ba ne, fim ɗin sinima ne, talaka a ina zai gan shi? Kuɗin tikiti da na mota da ɗan abin taɓawa, mutum ɗaya ya kashe abin da zai yi cefanen kwana biyu. Abin da bai sauka a waya ba a garin nan kamar ba a yi shi ba ne.

Kawu na Tudun Wada:
Ku yaran nan kuna ta Kano Kano kamar a can aka fara komai. Kafin a san wani abu Kannywood nan Kaduna ce cibiyar wasan kwaikwayo a talabijin da rediyo. Samanja Mazan Fama, Usman Baba Pategi, tsohon soja ne na gaske shi ya sa Hausar barikin nan take fita a bakinsa yadda take, bara a watan Nuwamba ya rasu a garin nan. Ƙasimu Yero da ya rasu a 2017, wanda bai ga Karambana ba bai san dariya ba, kuma shi Magana Jari Cen da ake magana ai an mayar da shi wasan talabijin, Ƙasimu yana ciki. A layinmu gida ɗaya ne mai talabijin, baƙi da fari, mai gidan yakan fito da ita tsakar gida ya ɗora kan tebur, sai ka wanke ƙafa kafin a bar ka ka zauna, in ka yi surutu a fitar da kai ka koma leƙe ta katanga. Rabin awa ne a sati, amma sai mu yi sati muna maimaita maganganun a makaranta.

Ni lissafina na bana gajere ne. Tafsirin azumi a rediyo, labaran safe da na yamma, sai Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos in na zauna a ƙofar gida. Na ɗan kalli Gidan Badamasi da jikoki, wannan kam na yi dariya, don na san tsoho irinsa a unguwarmu, 'ya'ya suna jiran gado shi kuma ya ƙi mutuwa.

Maman Sadik, U/Rimi:
Allah sarki, tunda an zo maganar waɗanda suka tafi, ni rasuwar Daso ce ta girgiza ni bana. Ranar 9 ga Afrilu, azumi na ƙarshe, ina tsakiyar yanka kajin salla aka turo min, na ce ƙarya ne don kwana kaɗan kafin nan na ga bidiyonta tana raha. Saratu Giɗaɗo ta shekara sama da ashirin tana fitowa a muguwar uwar miji da kishiya har mutane suka ɗauka halinta ne, alhali duk wanda yake bin ta a waya ya san mace ce mai barkwanci. Allah ya jiƙanta.

Ɗan Rigasa:
Amin Anti. Mu kuma a farkon watan nan muka rasa El-Mu'az Birniwa, a nan Kaduna wajen wasan ƙwallo ya yanke jiki ya faɗi, yaro matashi da muryarsa. Sati guda ban kunna komai a keke ba sai waƙoƙinsa, wata fasinja har kuka ta yi ta ce in bar ta ta ƙare kafin ta sauka, na tsaya a gefen titi na jira ta.

Baban Ummi, Kawo:
Allah ya gafarta musu baki ɗaya. Watan nan ne ma Ibro ya cika shekara goma, Disambar 2014 ya rasu, amma jiya na ga yaran gidanmu suna kallon guntayen bidiyonsa a TikTok suna ƙyaƙyatawa, ba wanda aka haifa a cikinsu lokacin da yake raye.

Ɗan Rigasa bari in dawo kanka, don ɗazu na ɗan yi maka tsiya. Ba wai na ce mawaƙan yanzu ba su iya ba ne, Nura M Inuwa yana da kalmomi, Aminu Ala kuwa ai malami ne, in ya jero baiti sai ka nemi ƙamus. Abin da yake damuna shi ne yanzu waƙa daƙiƙa talatin ake yi wa, a samu ɗan wajen da za a yi rawa da shi a TikTok shi ke nan, sauran duk ciko ne. Kuma na'urar gyaran murya ta sa kowa muryarsa ɗaya, in ba a faɗi suna a farko ba ba ka gane wa ke yi. Shata da kalangu kawai da 'yan amshi zai riƙe ka daga Kawo har Zariya a kan waƙa ɗaya, kuma ba ka ce a canza ba.

Ɗan Rigasa:
Yaya na ji, amma ka tuna shi ma Shata a zamaninsa ai waƙar 'yan duniya ake ce mata, ba kowane gida ake bari a saurara ba, ko ba haka ba Kawu? Yanzu da ya tsufa a kunne ya zama na dattawa. Ka bar mu da namu, nan da shekara talatin ni ma zan zauna a ƙofar gida in ce wa jikokina ku ba ku san waƙa ba, ina Jaruma ina Warr.

Kawu na Tudun Wada:
Yaron nan ya kama ni. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa in ya ji kalangu a rediyo kashewa yake yi, a ɗakin wani yayanmu a soro muke saurara da murya ƙasa-ƙasa.

'Yar Barnawa:
Hhhh yau Kawu ya sha kaye sau ɗaya, a rubuta ranar. Ni a waƙa Spotify ya turo min lissafina na shekara na ji kunyar nunawa, Ado Gwanja ne a sama saboda bikin yayata da muka yi a watan Yuni, sati uku ana koyon rawa a falonmu da wayata. Littafi kuma guda ɗaya tak na gama, Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016, da Turanci yake amma mutanen ciki namu ne sak, kamar kana jin Hausa a ƙarƙashin Turancin. Sai dai ba littafin da zan bar shi a falo Mama ta ɗauka ba ne.

Malama, Malali:
Shi ya sa nake cewa ku dinga zuwa bukukuwan littafi in ana yi a garin nan, tun 2017 aka fara KABAFEST, bikin littafi na Kaduna, kuma marubutan da kuke karantawa suna zuwa da kansu, amma sai ka shiga ka ga baƙi daga Legas da Abuja sun fi 'yan gari yawa. Baban Ummi ni tambayata, ina almajiranka tara? An ci gaba ko wuta ta kashe makaranta?

Baban Ummi, Kawo:
Malama makaranta tana nan amma sai an ɗauke wuta ake shiga aji, kuma kin san ba ma rasa ɗalibai ta wannan fannin. Mun gama na ɗaya, na biyun ne ba mu da shi, na duba wajen masu littattafai biyu a kasuwar Gumi ban samu ba sai na uku, su kuma yaran sun ce ba za a tsallake ba. Ummi ma yanzu ita ke karantawa ni ina gyara mata, har yau in ta zo kan ƙ sai ta karanta ta k, jiya ta ce min wai sarki ya yi baki ciki.

Kawu na Tudun Wada:
Ina da na biyun, bugun kamfanin buga littattafai na NNPC Zariya, da sunana a ciki da tawada tun ina firamare. Ka aiko a karɓa amma aro ne ba kyauta ba, kuma kar a ninke min shafi, a sa tsinken tsintsiya.

Ɗan Rigasa:
Kawu gobe in na je Kasuwar Bacci karɓar fim ɗina sai in biyo in ɗauka in kai masa Kawo, ai hanya ce. Yaya ka tanadi kuɗin mai.

Baban Ummi, Kawo:
Daga Tudun Wada zuwa Kawo ne hanya? To na ji, ka zo bayan la'asar, amma in ka shigo layinmu ka rage sifikar nan, akwai mara lafiya a maƙwabta.

Maman Sadik, U/Rimi:
Jama'a ku taya ni murna, yanzun nan baiwar Allah ta turo saƙo a guruf wai waya ta gyaru za a ci gaba ranar 1 ga wata, amma wai sai kowa ya ƙara ɗari biyar.